GROUP_CONCAT, STRING_AGG, LISTAGG ko a bar wa manhaja: wanne za ka ɗauka wajen haɗa layuka wuri guda?

Duk wanda ya taɓa gina wa makaranta manhajar rajista ya san wannan buƙatar. Shugaban makaranta zai ce a fitar masa da takarda, kowane ɗalibi a layi ɗaya, darussansa a jere a gaban sunansa da waƙafi a tsakani. Kai kuma a rumbun bayananka ba haka suke zaune ba. Ɗalibai na teburinsu, darussa na nasu, ga kuma teburin rajista da ke haɗa su. Da ka yi JOIN, umarnin SQL da ke haɗa teburan, sai sunan Amina ya fito sau tara, domin darasi tara take ɗauka. Abin da ake so shi ne layukan nan tara su dunƙule su zama ɗaya: Hausa, Lissafi, Turanci, da sauransu.

Hanyoyin yin wannan suna da yawa, kuma a ido duk kamar abu ɗaya suke yi. Bambancinsu ba ya fitowa sai ranar da jerin ya yi tsawo, ko ranar da wani suna ya zo da waƙafi a cikinsa. Ni abin da nake fara tambaya kafin in zaɓa shi ne wa zai karanta zaren da aka haɗa, idon mutum ne ko wata manhaja ce za ta sake warware shi. Amsar wannan ita ke raba gardama, fiye da sunan rumbun da kake aiki da shi.

Bari in fara da MySQL, tunda yawancinmu da ita muka koyi aiki, kuma ita ko 'yar'uwarta MariaDB ake samu a sabar haya mai cPanel. GROUP_CONCAT ya shigo tun sigar 4.1, kuma gaskiya a duk cikinsu shi ya fi daɗin rubutawa:

SELECT d.suna, GROUP_CONCAT(k.suna ORDER BY k.suna SEPARATOR ', ') AS darussa
FROM dalibai d
JOIN rajista r ON r.dalibi = d.lamba
JOIN darussa k ON k.lamba = r.darasi
GROUP BY d.lamba, d.suna;

Ka lura na sa d.lamba a cikin GROUP BY. A makarantunmu ba abin mamaki ba ne a samu Musa Ibrahim biyu ko uku a aji guda, kuma idan da suna kaɗai ka tara, darussansu za su haɗe a layi ɗaya kamar mutum guda ne. Wannan ya shafi duk hanyoyin da za su biyo baya.

GROUP_CONCAT yana karɓar DISTINCT, yana karɓar ORDER BY a cikinsa, idan ba ka faɗi mai rabawa ba ya sa waƙafi da kansa. Sai dai yana da wani hali da ya sa nake taka-tsantsan da shi fiye da kowanne. Akwai saiti mai suna group_concat_max_len, wanda a MySQL yake zuwa a kan bayit 1024. Idan zaren ya zarce haka, MySQL ba za ta tsayar da aikin ba. Za ta datse ragowar, ta miƙo maka abin da ya samu shiga, ta ajiye gargaɗi mai lamba 1260 wanda ba za ka gani ba sai ka rubuta SHOW WARNINGS. Manhajar PHP kuwa ba ta tambaya idan ba ka sa ta ba.

Na ga illar wannan da idona. Na taɓa rubuta wa wata makaranta abin tura saƙon tes ga iyaye, na yi amfani da GROUP_CONCAT wajen tattara lambobin waya a zare ɗaya kafin a miƙa wa masu tura saƙon. Lambar wayarmu idan an sa mata 234 a gaba alƙaluma 13 ce, da waƙafi 14. Raba 1024 da 14, za ka ga lamba 73 ce ke shiga cikakkiya, ta 74 kuma alƙaluma biyu kawai ke tsira daga cikinta. Iyayen da suka faɗa bayan wannan ba su samu sanarwar taro ba, kuma babu wani jan rubutu da ya fito a allo ya nuna an yi ɓarna. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutanen da aka bari a baya sun ɗauka makaranta ce ta raina su.

Abin da ya sa ban gano ba tun a gwaji shi ne kwamfutata XAMPP ke kanta, wato manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar gwaji, XAMPP kuwa MariaDB take ɗauke da ita, duk da cewa kowa MySQL yake ce mata. MariaDB tun sigar 10.2.4 ta ɗaga wannan iyaka zuwa bayit 1048576. Saboda haka a gida komai lafiya, sai da aka ɗora a sabar da ke da MySQL ta ainihi sannan wutsiyar jerin ta fara ɓacewa. Maganin layi ɗaya ne, ka aika shi kafin tambayarka a kan haɗi ɗaya:

SET SESSION group_concat_max_len = 1000000;

Ba ya buƙatar izinin mai sabar, don haka ko a sabar haya yana aiki. Sama da shi akwai wani rufin, max_allowed_packet, amma da wuya jerin da mutum zai karanta ya kai can. Kuma tunda takardun MySQL da bayit suka auna iyakar, mai rubuta Hausa ya tuna cewa ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowannensu bayit biyu yake ci a tsarin UTF-8, rubutun ajami da na Larabci kuma kusan kowane harafi haka yake. Jerin sunayen da aka rubuta da Larabci a makarantar Islamiyya zai cika ma'aunin tun yana rabin tsawon na boko.

PostgreSQL ba ta da wannan tarkon. string_agg ya zo a sigar 9.0 cikin 2010, kuma iyakarsa ita ce iyakar rubutu a rumbun gaba ɗaya, wajen gigabayit ɗaya:

string_agg(k.suna, ', ' ORDER BY k.suna)

Tana da tsauri a wurare biyu. Dole ka faɗi mai rabawa, kuma ba ta karɓar lamba sai ka mayar da ita rubutu, wato ka rubuta lamba::text. Idan ka haɗa DISTINCT da ORDER BY, abin da kake jerawa da shi dole ya zama shi ne abin da kake tarawa, ba za ka cire maimaici a suna kana jerawa da kwanan wata ba. A madadin haka ta ba ka FILTER tun sigar 9.4, wanda nake ƙauna sosai. A tambaya ɗaya za ka fitar da darussan da yaro ya ci a gefe guda, waɗanda ya faɗi a ɗaya gefen:

string_agg(k.suna, ', ') FILTER (WHERE r.maki >= 40)

A MySQL sai ka bi ta CASE kafin ka samu irin wannan, ka dogara da cewa GROUP_CONCAT yana tsallake NULL, wato gurbin da babu komai a cikinsa. Yana yiwuwa, sai dai karatunsa ba ya da sauƙi kamar wancan. Idan sabon aiki zan fara kuma rahotanni irin waɗannan sun yi yawa a cikinsa, PostgreSQL nake ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

SQL Server ce labarinta ya fi tsawo, domin ta daɗe ba ta da umarni na musamman. STRING_AGG bai zo ba sai a sigar 2017. Kafin nan, tun daga 2005, dabara ake yi da FOR XML PATH, a sa rumbun ya haɗa layukan kamar zai gina XML, sannan a yi amfani da STUFF a cire waƙafin farko:

STUFF((SELECT ', ' + k.suna
FROM rajista r JOIN darussa k ON k.lamba = r.darasi
WHERE r.dalibi = d.lamba
ORDER BY k.suna
FOR XML PATH(''), TYPE).value('.', 'nvarchar(max)'), 1, 2, '')

Duk wanda ya gaji tsohuwar manhajar ofis ko ta asibiti da aka gina a kan SQL Server 2008 ko 2012 zai ci karo da wannan. Yana aiki, kuma babu laifi a bar shi inda sigar ba ta kai 2017 ba. Abin dubawa shi ne ko wanda ya rubuta ya sa TYPE da .value ɗin nan. Da yawa suna barin su, sai alamar & ta fito a matsayin &amp; a kan takarda, alamun < da > su ma su rikiɗe. Sunan kamfani mai alamar & a tsakiya shi ke fara tona asirin.

Akwai wata tsohuwar dabarar kuma da za ka gani tana yawo, inda ake buɗe @zare a riƙa cewa SELECT @zare = @zare + suna. Wannan ka guje ta. Microsoft da kanta ta rubuta cewa ba ta lamunce sakamakonta ba, kuma idan ORDER BY ya shigo, wani lokaci layin ƙarshe kaɗai za ka tarar a ciki. Tana iya yin shekara tana aiki daidai, ranar da rumbun ya sauya hanyar da yake bi wajen ɗauko layukan sai ta juya maka baya.

Idan kana kan 2017 ko sama, ga yadda ake yi:

STRING_AGG(CAST(k.suna AS nvarchar(max)), N', ') WITHIN GROUP (ORDER BY k.suna)

CAST ɗin nan ba ado ba ne. Idan babu shi, sakamakon ba zai wuce bayit 8000 ba, kuma da ya zarce aikin zai tsaya da kuskure mai lamba 9829. Na fi son wannan halin sau dubu a kan na MySQL, domin kuskuren da ya yi ihu ana gyara shi a ranar. Raunin STRING_AGG na SQL Server shi ne ba ya karɓar DISTINCT, sai ka tace maimaicin a ƙaramar tambaya ta ciki tukuna. Sannan ga mai ajiye Hausa, nvarchar za ka riƙe, da harafin N a gaban duk rubutun da ka sa cikin alamar zance. A varchar na gargajiya haruffanmu masu lanƙwasa suna iya komawa alamar tambaya, kuma idan sun koma ba sa dawowa.

Oracle, wadda aka fi gani a bankuna da kamfanonin sadarwa, LISTAGG take da shi tun 11g Release 2, kuma wannan sunan ne ƙa'idar SQL ta 2016 ta amince da shi a hukumance. Iyakarsa bayit 4000 ce, ko 32767 idan mai kula da rumbun ya kunna MAX_STRING_SIZE zuwa EXTENDED, kuma idan an zarce sai ORA-01489 ya fito. Abin da ya burge ni shi ne gyaran da suka yi a 12.2:

LISTAGG(k.suna, ', ' ON OVERFLOW TRUNCATE '...' WITH COUNT) WITHIN GROUP (ORDER BY k.suna)

Wato ka yarda a datse, amma a sa ɗigo uku a kuma faɗi adadin da aka bari a baya. Mai karatu ya san jerin bai cika ba, ya san nawa suka rage. A ganina wannan ne tsari mafi mutunci a cikinsu duka. DISTINCT ya shigo LISTAGG a 19c. Idan ka tarar da WM_CONCAT a tsohon aiki, ka sani Oracle ba ta taɓa sa shi a takardunta ba, kuma ta cire shi a 12c, don haka ranar ɗaga siga zai mutu.

SQLite kuma, wadda ke cikin kowace wayar Android, ita ce abokiyar masu gina manhajar da ke aiki ko babu intanet, irin ta masu tattara bayanai a ƙauyuka ko ta kantin magani. group_concat nata yana karɓar mai rabawa a matsayin abu na biyu, amma ba ya yarda ka haɗa hakan da DISTINCT. ORDER BY a cikinsa bai samu ba sai sigar 3.44.0 a watan Nuwamba na 2023, lokacin da aka ƙara sunan string_agg ma. Matsalar ita ce tsofaffin wayoyi da tsohuwar SQLite suke tafe, kuma irin waɗannan wayoyin ne a hannun yawancin masu amfani da aikinka. Idan ba ka ɗaura taka sigar a cikin manhajar ba, kada ka dogara da sabon salon. Wani abu kuma: SQLite da lambar harafi take jerawa, don haka Ƙasimu zai faɗo bayan Zainab, Ɗahiru ma haka. PostgreSQL tun sigar 10 tana iya jerawa ta hanyar ICU, wani tsarin jera haruffa bisa harshe, wanda ke ajiye ƙ kusa da k da ɗ kusa da d.

Akwai halin da duk suka yi tarayya a kai: suna tsallake NULL, kuma idan babu ko ɗaya da za a haɗa, NULL suke mayarwa. Ɗalibin da bai yi rajistar darasi ba zai ɓace gaba ɗaya idan JOIN ka yi, don haka LEFT JOIN za ka yi ka lulluɓe sakamakon da COALESCE ya rubuta "babu". Sai kuma kuskuren da na fi gani a aikin masu tasowa. Mutum ya haɗa ɗalibi da darussansa tara da kuma biyan kuɗinsa uku a tambaya ɗaya, layuka su zama 27, kowane darasi ya fito sau uku. Sai ya sa DISTINCT, jerin ya yi kyau, ya tafi. Amma SUM ɗin kuɗin da ke gefe ya riga ya ninku sau tara. Duk lokacin da ka ji hannunka na neman DISTINCT a nan, ka tsaya ka duba ko JOIN ɗin ne ya haifi maimaicin. Gyaran shi ne a tara kowane ɓangare a tasa ƙaramar tambayar kafin a haɗa su.

To, yaushe ne ya fi kyau a bar rumbun ya miƙo layukansa yadda suke, manhaja ta haɗa da kanta? A PHP implode ne, a Python join ne, kuma babu iyakar 1024 ko 4000 a nan. Idan aikinka zai zauna a kan rumbu fiye da ɗaya, misali SQLite a waya da MySQL a saba, wannan hanyar ta raba ka da rubuta tambaya iri biyu. Idan kowane darasi zai zama abin latsawa a shafi, ko za a sa wa wanda aka faɗi jan launi, nan ma manhaja ce wurin aikin, domin cusa HTML a cikin SQL wahala ce ga duk wanda zai gaje ka. Farashinta shi ne layukan da ke tafiya tsakanin rumbu da manhaja sun fi yawa, sunan Amina zai yi tafiya sau tara. Ga makaranta mai ɗalibai 600 wannan ba komai ba ne. Abin da zai kashe ka shi ne ka ɗauko ɗalibai 600 sannan ka koma rumbu sau 600 kana tambayar darussan kowanne. Tambaya ɗaya za ka yi, jere da lambar ɗalibi, ka tara su a zagaye guda.

Idan kuwa wata manhaja ce za ta karɓi sakamakon ta warware, to ni a wurina zare mai waƙafi ya fita daga zaɓi. Ka ɗauki adireshi irin namu: "Layin Masallaci, bayan tasha, Gusau". Waƙafi biyu ne a cikin abu ɗaya. Haɗa adireshi uku irin wannan, wanda zai warware zai samu guda tara. Wasu suna sauya mai rabawa zuwa alamar |. Suna fatan ba zai taɓa fitowa a bayanan ba, har ranar da wani magatakarda zai buga shi. Maganin da aka tanada shi ne JSON, tsarin rubuta bayanai da manhajoji ke musaya da shi: json_agg a PostgreSQL tun 9.3, JSON_ARRAYAGG a MySQL tun 5.7.22, json_group_array a SQLite, FOR JSON a SQL Server tun 2016. Su ke kula da alamun zance da waƙafi, kuma lamba tana zama lamba. Sai dai JSON_ARRAYAGG na MySQL bai lamunce maka jeri ba, idan jeri na da muhimmanci ka jera bayan ka karɓa. Fayil ɗin CSV ma haka, fputcsv a PHP ko csv a Python za ka ba aikin, su suka san inda ake sa alamar zance.

Wurare biyu ne nake roƙon kowa ya nisanta. Na farko, haɗa zare don a cusa shi cikin IN na wata tambayar. Sunayenmu cike suke da alamar ɗauri ('), Sa'adatu, Mu'azu, Ma'aruf, kuma kowannensu zai karya tambayar da aka ɗinka da hannu, ƙofar da ɓarayin bayanai ke shiga kenan. Ƙaramar tambaya a cikin IN ko JOIN kai tsaye ta wadatar. Na biyu, ajiye zaren a tebur a matsayin ma'ajiyar dindindin, wato gurbi guda ɗauke da "1,4,11,21". Ranar da aka ce ka nemo masu darasi na 1, LIKE zai kwaso maka 11 da 21, FIND_IN_SET kuma zai bi kowane layi ɗaya bayan ɗaya domin fihirisa ba ta taimaka masa. Teburin rajista shi ne asali, zaren kuwa a haɗa shi lokacin da za a nuna.

Saboda haka ga takardar shugaban makaranta, wadda ido zai karanta kuma darussa ba su wuce goma sha ba, umarnin rumbunka ya isa, kowanne ne, muddin ka sa ORDER BY a ciki ka kuma tara da lamba. Ga lambobin wayar iyaye, yanzu layuka nake ɗaukowa in haɗa a manhaja, in rarraba su kashi-kashi yadda masu tura saƙon suke karɓa. Inda kuma dole GROUP_CONCAT zai ɗauki jeri mai iya tsawo, ina ɗaga iyakar a farkon haɗi, in sa COUNT(*) a gefensa a tambaya ɗaya, manhaja ta ƙirga abin da ke cikin zaren ta gwada da wannan adadin. Idan suka saɓa, ta ƙi ci gaba ta nuna kuskure a allo. Kafin in miƙa aiki kuma, nakan cusa layuka 500 na gwaji masu ɗauke da ƙ, da waƙafi, da alamar ɗauri, da &, in gudanar da tambayar a kan ainihin sabar da aikin zai zauna.